Mijin ma'aikacin banki ne, amma kuɗin cefane ba sa kai ƙarshen wata

Na sauke tarin wasan barkwancin rediyon nan na Amurka, My Favorite Husband, ina saurare da dare kafin barci. Gidan rediyon CBS ne ya watsa shi daga 1948 zuwa 1951, kowane kashi kusan rabin awa, Lucille Ball tana fitowa a matsayin Liz Cooper, Richard Denning kuma mijinta George.

Dabarar wasan ita ce George a banki yake aiki. Yini yake yana lissafin kuɗin mutane, ya dawo gida ya tarar nasa lissafin ya watse. Liz ta ga riga ko hula, ta saya, sannan ta fara tunanin yadda za ta ɓoye takardar bashin. Ƙarya ɗaya ta haifi ta biyu, ta jawo ƙawarta Iris, matar maigidan George a wurin aiki, kafin ka ankara magana ta kai kunnen maigidan. Abin da ya fi ba ni dariya ba sayayyar ba ce, lallashin ne. Da zarar Liz ta sassauta murya ta fara kiran mijinta da daɗin baki, kai mai sauraro ka san akwai bashi a ƙasa, shi ma ya sani, amma sai ya yi kamar bai gane ba. Ba ka ganin fuskar kowa, muryar kawai ta isa. Ga kuma mutanen da ke zaune a zauren ɗaukar shirin, dariyarsu tana fashewa tun kafin George ya buɗe baki.

Inda na gaji shi ne kullum matar ce mai ɓarna, mijin ne mai hankali. Bayan wasu kashi sai ka fara hango ƙarshen labari tun daga farkonsa. Kuma talaucin nasu na wasa ne: mutanen da ke kukan kuɗi amma suna da 'yar aiki, Katy, wadda sau da yawa ta fi su duka biyun tunani.

Sautin ya tsufa, wasu kashin akwai shuuu a ciki, sai da abin saƙalawa a kunne nake jin komai. Turancin ma na da ne, da sauri suke yi. Tallan Jell-O, wani kayan zaƙi na Amurka, kuwa an cusa shi har cikin shirin, Lucille Ball da kanta take yi, tun ina tsaki har na saba.

Marubutan shirin, Jess Oppenheimer da Madelyn Pugh da Bob Carroll Jr., su ne suka koma talabijin tare da Lucille Ball a 1951 suka yi I Love Lucy, don haka wanda ya san wancan zai gane salon nan take. Shawarata a fara da kashin 1949 zuwa sama, bayan an sauya sunan ma'auratan daga Cugat zuwa Cooper. A nan ne aka mai da su masu matsakaicin ƙarfi, rigimar kuɗin ta fara kama da gaske.