Sharhina kan asibitin dabbobin da ya yi wa Duna tiyata da robar wuyan da suka sayar mini

Yau kwana 20 ke nan da aka buɗe cikin karena Duna aka ciro masa guntun totuwar masara daga hanji, jiya aka cire zaren ƙarshe, kuma sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya zama in rubuta wannan. Ba zan kama sunan asibitin ba. Masu kiwon kare a Kaduna sun san wuraren ba yawa gare su ba, sun kuma san yadda kuɗin aiki ya koma, don haka ba sai na tsaya lissafi ba. Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya robar wuya ce, wannan mai kama da mazurari da ake saƙala wa kare don kada bakinsa ya kai ga ɗinki. A kanta na kusa rasa kare bayan an riga an cece shi.

Duna watansa 8, baƙi ne wuluk, na karɓo shi don gadin awaki da kajin bayan gida. Tun yana ɗan kwikwiyo matsoraci ne. Janareta ya tashi, ya shige ƙarƙashin mota. Tsawa kuwa ba a magana, jikinsa rawa yake yi kamar mazari har sai an daina. Damina ce, yara na cin gasasshiyar masara suna jefar da totuwa a tsakar gida, ya samu guda ya haɗiye. Kwana biyu yana amai, ko ruwa ya sha sai ya dawo, babu kashi, sai ya dinga sa ƙirji a ƙasa yana ɗaga ƙugu sama. Likitan da ya duba shi bai ɓata lokaci ba. Ya lallatsa cikin, ya ɗauki hoto, ya nuna mini iskar da ta taru a hanji, ya ce totuwa ba ta cika fitowa sarai a hoto ba amma alamun toshewa ne. A ranar aka yi aikin. Hannunsa yana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Kwana biyu suka riƙe shi ana ƙara masa ruwa, sannan aka ce in zo in ɗauka.

Wurin sallama ne aka yi mini abin. Likita yana cikin wani aikin, matar da ke karɓar kuɗi ce ta miƙo mini ledar magani da robar, a naɗe. Na juya ta a hannu na ga kamar ta yi kaɗan. Na ce, "Hajiya, wannan kuwa za ta ishe shi?" Ko ɗagowa ba ta yi daga takarda ba ta ce, "Za ta yi, Alhaji, ai ƙaramin kare ne." Ba wanda ya gwada masa, ba wanda ya nuna mini yadda ake ɗaurawa. Na gaya musu tun ranar farko cewa karen nan matsoraci ne, na sake faɗa a wurin, aka ce in dai samar masa wuri shiru. Shi ke nan bayanin da aka yi mini.

Na share ɗan ɗakin ajiya da ke kusa da zaure, na shimfiɗa tabarma da tsohon bargo, na hana yara shiga. Da na ɗaura masa robar sai ya ƙame a tsaye, kai a sunkuye, ya ƙi motsi. In ya gwada tafiya gefen robar ya bugi bango, sai ya zabura ya ja da baya yana wani siririn kuka. Kwanon da ya saba ci a ciki ya yi faɗi, robar na tokare shi, sai da na samo ƙaramin kwano na ɗora a kan bulo. Farar shinkafa da dafaffen naman kaza mara ƙashi nake ba shi, cokali kaɗan sau huɗu a yini, ba gishiri ba magi, albasa kuwa ko kusa, don guba ce ga kare. Daren farko ya wuce a haka, ina leƙawa duk bayan awa biyu.

Dare na biyu a gida, kwana huɗu da aikin, wajen ƙarfe ɗaya hadari ya taso daga gabas. Aka ɗauke wuta, iska ta fara buga kwanon rufi, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tsawar farko da ta faɗi na ji kukansa har cikin ɗaki. Kafin in lalubo waya in kunna fitila in ratsa tsakar gida, ba zai wuce minti biyar ba. Na tura ƙofa na haska. Yana kwance a kusurwa ya naɗe kamar gammo, robar na nan a wuyansa ba ta cire ba, amma hancinsa da bakinsa sun fito ta gefenta tsaf, suna kan ɗinkin. Jini a tabarma, jini a bakin robar. Zare uku ya tsinke, wurin ya buɗe kamar tsawon ɗan yatsa, ja wur. Na kira sunansa ya ɗago ya dube ni, idanu a warwaje, numfashi sama sama, ya sake mayar da baki. Sai da na durƙusa na riƙe kansa da hannu biyu.

Katin da suka ba ni an rubuta ana samunsu dare da rana. Na kira lambar sau 11, har yanzu yana cikin wayata. Tana shiga, ba a ɗauka. Na tura saƙo da hoton wurin ta WhatsApp, shiru. Wallahi a daren nan raina ya ɓaci iya ɓaci. In ba za ku ɗauki waya da dare ba, kada ku buga a kati. Da na san ba kowa, da tun da rana na nemi lambar wani likitan na ajiye.

Uwargida ta kawo fitila da ruwan da ta tafasa ya huce. Maƙwabcina da ya ji motsi ya leƙo ta katanga, da kyakkyawar niyya ya ce in zuba jibi, wannan shuɗin maganin miki, ko in shafa baƙin mai don ƙuda, yana kuma da maganin ciwon jiki na kemis in ba shi rabi. Na yi masa godiya ban karɓa ba. Abu ɗaya da likitan ya ja mini kunne a kai tun ranar aiki shi ne kada in kuskura in ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, suna huda ciki suna lalata ƙoda, balle karen da aka ɗinke wa hanji. Na ɗora tsaftataccen ƙyalle a wurin, na ciro singiletin da ke jikina na zura masa, ƙafafun gaba ta hannuwa, na tattare ƙasan na ɗaure a bayansa. Na zauna a ƙasa na jingina da bango, hannuna a ƙirjinsa, ina jin zuciyarsa tana bugawa da sauri. Duk tsawar da aka yi sai ya cusa kai cikin cinyata, roba da komai. Ina ɗaga leɓensa lokaci lokaci in haska dasashi, in ga ko ya yi fari. Bai yi ba. A haka aka kira assalatu.

Na san akwai masu cewa duk wannan a kan kare? An faɗa mini a ido. Ni dai na ɗauko shi ya yi mini gadi, tun da ya zo ba a sake ɗaukar mini kaza ba, amanarsa tana wuyana. Mun kuma taso muna jin hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kwanonsa daban, wurinsa daban, na wanke jikina na canza kaya na yi salla.

Ina idar da salla waya ta yi ƙara. Wani saurayi ne cikin masu taimaka wa likita, shi ya ga saƙon da ya buɗe wayar asibiti. Bai yi mini dogon zance ba, ya tambayi kwatance. Kafin ƙarfe bakwai ga shi a babur, wando duk taɓo har gwiwa. Abin da yaron nan ya yi shi ya sa ban rubuta wannan sharhin da zafin da na yi niyya ba. Bai faɗa wa karen kai tsaye ba. Ya ajiye jaka a bakin ƙofa, ya tsuguna ya ba shi gefe, bai kalle shi ido cikin ido ba, ya miƙa bayan hannu ya bar shi ya sunsuna, yana yi masa magana ƙasa ƙasa. Duna da ke gurnani ga duk baƙo, sai ga shi ya kwantar da kunne. Sannan ya ɗage singiletin a hankali, ya wanke wurin da ruwan gishiri na asibiti, ya duba, ya sa masa ma'aunin zafi. Ya ce 38.9, kuma zafin kare mai lafiya daga 38 ne zuwa 39.2, in kwantar da hankali. Ya yi mini bayani cewa ɗinkin ciki hawa hawa ne, na fata ne ya tsinke, na naman ciki da ke riƙe da hanji yana nan lafiya. Da ya kai ga wancan, da hanji muka tarar a tabarma.

Ya dubi robar, ya auna da yatsa biyu yadda hancin ya zarce bakinta, ya ce, "Baba, wa ya ba ku wannan?" Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce ƙa'idarta ita ce ta wuce ƙarshen hancin kare, ba hancin ya wuce ta ba, a zura ta cikin igiyar wuyansa, a bar sararin yatsa biyu tsakaninta da wuya. Har ya ce Turawa sun sa mata sunan Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila, saboda irin faffaɗan wuyan rigar zamaninta. Bayanin da bai kai minti ɗaya ba. Shi ne aka kasa yi mini ranar sallama.

Muka sa shi a keke muka koma. Likita ya gyara bakin ciwon ya sake ɗinkewa, ya ba da babbar roba, ya ƙara da gabapentin da ya ce yana rage zafi yana kuma kwantar da fargaba. Ya ba ni haƙuri, na ga abin ya dame shi da gaske. Na fito ina cewa a raina ai mutanen kirki ne, kuskure ne aka samu, ɗan Adam ajizi ne.

Sai na isa wurin biya. Aka caje ni kuɗin sabon ɗinki, kuɗin allurar barci, da kuɗin sabuwar roba, cif cif, ko sisi ba a rage ba. Matar nan dai ce. Na ce mata ƙaramar da ta ba ni ce ta jawo wannan, ta ce ita ce ta rage a ranar. Wato ta san babu girmansa ta sayar mini da abin da ba zai yi aiki ba, maimakon ta ce in nema a wani wuri. Nan duk sanyin da na yi ya tafi. Kuma da na zauna na yi tunani, maganin fargabar nan me ya hana a ba ni tun farko, ni da na faɗa sau biyu cewa matsoraci ne, ga shi ana tsakiyar damina? Daga bakin saurayin nan kuma na fara jin cewa kwana na uku zuwa na biyar bayan aikin hanji su ne mafi haɗari, lokacin da ɗinkin hanji kan iya yoyo, a sa ido kan amai da zazzaɓi da ƙin abinci. A farkon kwanakin nan aka sallame ni ba a ce mini uffan ba.

Babbar robar kam ta yi aikinta, ba ni da ƙorafi a kanta illa gefenta mai kaifi da ya ƙuje mini ƙwauri, sai da na liƙe shi da salatif. Kwana uku Duna ya saba da ita, har yana kwana da ita a kan bargo. Na mayar da shimfiɗata zaure na mako guda. In na ga hadari ya haɗu sai in ba shi maganin da wuri kamar yadda likita ya tsara, in rufe taga, in kunna masa rediyo ƙasa ƙasa, in bar masa rigar da na sa a yinin. Fita fitsari da igiya kawai, ba gudu ba tsalle, ba wanka. Na hana shi kwanciya a yashi mai laima, saboda ƙudan nan da ke yin ƙwai a ƙasar da aka yi fitsari, tsutsarsa ta shige fatar kare ta yi ƙurji. Safe da yamma ina ɗaukar hoton ɗinkin in tura wa saurayin a lambarsa ta kansa, bai taɓa barin saƙona ya kwana ba, kuɗin mai ma da ƙyar ya karɓa. Allah Ya saka masa da alheri, Ya ɗaukaka shi a aikinsa.

In wani abu ya sake samun Duna, likitan nan zan so ya riƙe wuƙa, amma ba zan bar harabar ba sai an ɗaura robar a gabana na ga hancinsa a ciki, kuma lambar da ke katinsu na soke ta da biro. Rasit ɗin biya na biyu yana aljihuna tare da ƙaramar robar a leda, jinin ma ban wanke ba. Ranar Asabar aka ce mai asibitin yana zuwa, zan kai masa su ya gani da idonsa.