Wata uku ina amfani da setfacl a foldar da muke tarayya

Mu shida ne a kan saba ɗaya ta Linux, folda ɗaya muke zuba aiki, kuma kusan kullum sai an kira ni, wani ya ajiye fayil ɗan'uwansa ya zo gyarawa sai ta watso masa Permission denied. Umask ce ke jawo haka, wato saitin da ke rage izinin da sabon fayil ke fitowa da shi, a sabarmu a kan 022 take zuwa, wato duk sabon fayil 644 yake fitowa, mai shi kaɗai ke rubutu sauran sai dai kallo. Da chmod 777, umarnin da ke ba kowa cikakken izini, muke kashe wutar, kuma wallahi ganganci ne, ka buɗe wa duk mai akawun a sabar ƙofa, gobe kuma sabon fayil ya sake fitowa a kulle.

Sai na koma setfacl, umarnin da ke saita ACL, wato jerin da ke faɗin wane mutum ko gurup ke da wane izini a kan fayil ko folda, yana cikin fakitin acl, a Debian ko Ubuntu apt install acl kawai. Na haɗa mu a gurup ɗaya mai suna aiki, na sa wa foldar chmod g+s dan duk abun da aka ƙirƙira ya gaji gurup ɗin, sannan na buga setfacl -d -m g:aiki:rwx a kanta. Wannan -d ɗin, da ke sa sabbin fayiloli su gaji izinin daga foldar, shi ne maganin gaba ɗaya, dan in folda na da shi umask ɗin mutum ba ta da ta cewa a ciki, ba sai na bi kowa ina roƙon ya canza saitinsa ba. In ka yi ls -l za ka ga ɗan + a ƙarshen izinin, getfacl kuma ya zayyano maka komai dalla-dalla. Tun ranar kiran ya ragu sosai.

Amma akwai inda ya ban haushi. Fayil ɗin da aka ɗauko da mv daga wata folda a diski ɗaya ba ya gadon komai, da tsohon izininsa yake shigowa, na fi awa ina neman dalili kafin na gane. Haka cp -p ma, mai kwafa tare da tsohon izinin. Sannan ga mask, wato iyakar izinin da gurup zai iya samu a ACL, in wani ya yi chmod 600 (izinin mai shi kaɗai) a fayil shi ke nan ya toshe gurup ɗin duk da sunansa na nan a jeri. Wajen bakof kuma kar ka manta -A a rsync, umarnin kwafar fayiloli, in ba haka ba ACL ɗin ba zai bi ka ba.

Duk da haka ni dai ba zan koma 777 ba, yanzu abun da nake ta nanata musu shi ne su riƙa ƙirƙirar fayil a cikin foldar kai tsaye maimakon mv.