Wane Bikin Kiɗa Ya Dace Ka Kai Iyali a Karkarar Birtaniya?

Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin da makarantun Ingila ke dogon hutu, da wuya a samu ƙarshen makon da ba a kafa tantuna a wani fili na karkara ana kiɗa ba. Yawancin mutanenmu da ke zaune a can, ɗalibai da ma'aikatan asibiti da sauransu, ƙaton bikin kiɗa na Glastonbury kaɗai suka sani, shi ma a talabijin, kuma abin da suka gani bai ba su sha'awar kai yara ba. Amma akwai ƙananan bukukuwa da aka shirya su tun asali da iyali a zuciya, inda ake kaɗa jita da goge irin na gargajiyar Turawa, ana kuma sauraron mawaƙan da ba su shiga hannun manyan kamfanoni ba. Matsalar ita ce kuɗi. A yawancinsu tikitin babba ɗaya ya kai fam 200 ko ya haura, kafin a zo maganar mota da tanti da abinci. Ba abin da za a yi da ka ba ne.

Shawarata ta farko, kada ka fara da duba sunayen mawaƙa. Ko ka duba, rabinsu ba ka taɓa jin su ba, kuma ba su ne za su sa tafiyar ta yi daɗi ko ta ɓaci ba. Fara da shekarun autanka, sannan ka tambayi kanka nisan da zai iya takawa da ƙafarsa idan ya gaji, ruwa yana zuba, dare ya yi. Amsar wannan ita ce za ta zaɓa maka wuri.

Idan autan bai kai shekara bakwai ba, kuma ba ku taɓa kwana a tanti ba, Deer Shed zan nuna maka. Ana yin sa a Baldersby Park, kusa da ƙauyen Topcliffe a arewacin Yorkshire, a ƙarshen Yuli, daidai lokacin da aka fara hutu. An fara shi a 2010, kuma iyaye ne suka kafa shi bayan sun ga wahalar kai yaransu sauran bukukuwa. Mutanen da ke zuwa ba su wuce kimanin 10,000 ba, filin kuma a tattare yake, ba sai an yi doguwar tafiya daga wurin kwana zuwa dandamali ba. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne ba a ware wa yara wani lungu guda an ce su tsaya can ba. Duk filin nasu ne: ga rumfar kimiyya inda suke kwance tsofaffin na'urori suna ganin cikinsu, ga filin wasanni, ga wurin zane da ƙere-ƙere. Babba da ya je shi kaɗai ne ma zai ji kamar ya yi ɓatan kai. Masu jirgin ƙasa za su sauka a Thirsk. Rauninsa ɗaya, manyan sunaye ba su cika zuwa ba, kuma matashi ɗan shekara sha biyar zai iya ganin an kawo shi cikin ƙanne.

Green Man shi ne wanda aka fi yabo, kuma ban ga laifin masu yabonsa ba. A Wales yake, a gandun Glanusk kusa da garin Crickhowell, a gefen kogin Usk, duwatsu sun kewaye shi. An fara shi a 2003, ya koma Glanusk a 2006, ana yin sa a tsakiyar Agusta, kuma yana ɗaukar mutum kimanin 25,000. Babban dandamalin yana ƙasan wani gangare mai hawa-hawa, dutse yana bayansa, don haka za ka iya shimfiɗa bargo can sama, nesa da cunkoso, yara suna birgima a ciyawa, kana ganin komai. Ga mai ƙananan yara wannan gangaren ya fi kowane mawaƙi daraja. Akwai sashen yara ƙanana da ake kira Little Folk, akwai na matasa daban, akwai kuma Einstein's Garden inda masu bincike daga jami'o'i ke nuna wa yara abubuwan kimiyya cikin wasa. Sannan suna da wani tsari da ba kowa ke da shi ba: da ƙarin kuɗi za ka iya shiga tun ranar Litinin, ka kafa tantinka a natse, ka yi kwanaki kana zaga yankin kafin a fara biki ranar Alhamis. Ga iyalin da dama suke neman inda za su yi hutun mako guda, wannan ya sa kuɗin ya fi ma'ana.

Sai dai akwai abubuwa uku da ya kamata ka sani. Na ɗaya, tikitinsa yana fita tun kaka, watanni da dama kafin bikin, kuma a 'yan shekarun nan yakan ƙare a ranar da aka fara sayarwa, tun ba a faɗi waɗanda za su yi wasa ba. Wanda ya tuna da shi a watan Yuni ya makara. Na biyu, Wales ce, kuma cikin duwatsu, ruwan sama ba ya sallama. Idan ya sauka kan filin da mutum dubu ashirin da biyar ke takawa, kafin yamma ƙasa ta zama taɓo, keken jariri mai ƙananan ƙafafu ya tashi daga aiki. Na uku, kuma wannan ya fi shafar mu, akwai wani ƙaton mutum-mutumi mai sunan bikin, wanda ake ginawa da itace da ganyaye a tsakiyar fili. Mutane suna rubuta burinsu a 'yan takardu suna ɗaurawa a jikinsa, a daren Lahadi kuma a cinna masa wuta, a yi wasan tartsatsi. Ga yawancin masu zuwa nishaɗi ne kawai, amma yaro ɗan makarantar Islamiyya zai tambaye ka ko mene ne wannan, kuma gara ka shirya amsarka tun daga gida. Ana yin sa ne da tsakar dare, saboda haka wanda ba ya so ya gani, sai ya kwanta da wuri.

End of the Road kuwa na iyaye ne da su kansu kiɗan ya dame su. A lambun Larmer Tree ake yi, a kan iyakar Wiltshire da Dorset, wani lambu da Janar Pitt Rivers ya shirya a 1880 don jama'a su riƙa shan iska. An fara bikin a 2006. Wurin yana da kyau ƙwarai, ɗawisu suna yawo a tsakanin mutane kamar su suka sayi tikiti, da dare kuma a kunna fitilu a cikin kurmi. Masu sauraronsa sun yi suna wajen natsuwa: mawaƙi zai hau shi kaɗai da jitarsa, dubban mutane su yi tsit. To, a nan ne gizo ke saƙar. Wurin da ake yin tsit ba shi ne wurin da za ka so ɗan shekara uku ya tuna yana son biskit ba. Akwai sashen yara, ana kuma zuwa da su, amma ba su ne a gaba ba. Ga kuma lokacinsa, ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, dab da komawa makaranta, wani lokaci ma ranar da za ku kwance tanti ita ce jajibirin komawa. Idan yaranka sun haura shekara goma kuma suna iya zama su saurara, bismilla. Idan ba haka ba, a bar shi sai gaba.

Latitude ba zan daɗe a kansa ba. Yana Henham Park a Suffolk, a watan Yuli, tun 2006, kuma shi ne babba a cikinsu, mutum wajen 40,000. Babban kamfani ne ke gudanar da shi, shi ya sa yake kawo sunayen da matasa suka sani, ga wasan kwaikwayo da barkwanci da tafkin iyo, ga tumakinsa da ake rina wa jiki. Ya dace da gida mai 'yan sakandare. Ga mai goyo, girmansa wahala ne, kuma shi ne mafi hayaniya da dare.

Wanda ba a cika ambata ba, kuma nake ganin ya fi dacewa da yawancinmu, shi ne Shrewsbury Folk Festival, a garin Shrewsbury da ke yammacin Ingila, a ƙarshen makon da ke haɗe da ranar hutu ta ƙarshen Agusta. Ba can cikin daji yake ba, a filin baje kolin noma yake a bakin kogin Severn, kuma da ƙafa ake shiga gari. Filin shimfiɗaɗɗe ne, yawancin wasannin a cikin manyan rumfuna ake yi, da kujeru, ruwa ba ya hana komai. Kiɗan ya fi karkata ga na gargajiya zalla, da raye-rayen da ake yi a jere, kaka da jika a layi ɗaya. Masu zuwa sun ɗan manyanta, wurin ya fi natsuwa. Babbar fa'idarsa ita ce suna sayar da tikitin yini guda, kamar yadda Latitude ma ke yi, kuma za ka iya kama ɗaki a gari ka kwana a kan gado. Idan uwargida ta ce ita fa ba ta bar gidanta don ta kwana a ƙasa ba, kada a tsaya gardama, a ɗanɗana da yini ɗaya a nan tukuna.

Maganar kwana ita ce ta biyu wajen cin kuɗi. A yawancinsu tikitin ƙarshen mako ya haɗa da filin kafa tanti, amma tantin naka ne. Ka sayi wanda ya fi yawanku da mutum ɗaya ko biyu, don wanda aka rubuta na mutum huɗu ne, mutum huɗu ne ba kaya, kuma ka gwada kafa shi a gida kafin ranar. Akwai kamfanonin da ke kafa maka tanti ka tarar da shi a shirye, har da katifa, amma kuɗinsu yakan kai na tikitin ko ya wuce. Ni a ganina wannan ba almubazzaranci ba ne ga wanda zai zo a jirgin ƙasa da yara, domin ɗaukar tanti da barguna daga tasha zuwa bas zuwa fili aiki ne na gaske. Ga mai mota kuwa, a yawancinsu kuɗin ajiye mota daban ake biya, kuma tsakanin inda ka ajiye ta da inda za ka kwana akwai tafiya. Shi ya sa za ka ga kusan kowane gida da 'yar kura mai ƙafa huɗu da ake naɗewa. Da rana ta ɗauko kaya, da dare a shimfiɗa bargo a ciki ta zama gadon auta a gaban dandamali. Duk inda ka zaɓa, ka nemi sashen kwanan iyali, ya fi shiru, ya fi tsabta. Kuma kada rana ta ruɗe ka: ko a Agusta, sanyin asuba a tanti yana ratsa ƙashi. Rigar sanyi, rigar ruwa, takalmin roba, da abin toshe kunne na yara, waɗannan ba a barin su.

Saura abubuwan da shafukan bikin ba za su gaya maka ba. Banɗakunan irin na tafi-da-gidanka ne, babu ruwa a ciki, don haka buta tana cikin kayan farko da za su shiga jaka. Famfunan ruwan sha suna nan a ko'ina, alwala ba matsala ba ce. A ƙarshen Yuli a Yorkshire rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, wato magariba tana shigowa daidai lokacin da babban mawaƙin dare ke shirin hawa. A ƙarshen Agusta a kudu kuwa wajen ƙarfe takwas ne. Ka sauke jadawalin salla a waya tun daga gida, don sabis yakan yi rauni idan jama'a suka taru. Masallaci babu a waɗannan ƙauyuka. Mai zuwa Deer Shed zai iya yin Juma'a a York ko Leeds sannan ya ƙarasa, mai Green Man kuwa Newport ko Cardiff ne mafi kusa da zai dogara da su.

Giya ana sayar da ita a dukkansu, a fili, Green Man ma har da dandalin giyar Wales yake da shi. Abin da ya bambanta su da bukukuwan samari shi ne ba a cika ganin maye da tashin hankali ba, musamman da rana. Wanda ganin kofin ma yake damun sa, ya san da haka kafin ya biya. Abinci kuwa, rumfunan masu dafa ganye zalla suna da yawa, akwai falafel da shinkafa da miyar Indiya, amma naman halal ba tabbas. Kuma kwano ɗaya yakan haura fam 10, ka ninka da yawanku, ka ninka da sau uku a yini. An yarda ka shigo da abincinka wurin kwana, ban da kwalba. Dambun nama da aka yi a gida, garin kwaki da sukari da madarar gari, burodi, dabino, sun isa su rage rabin wannan lissafi. Dokar risho ta bambanta daga biki zuwa biki, sai ka karanta ta wurin da za ka.

Wajen saye, ko jariri sai an yanka masa tikiti, ko da kyauta ne ko kuɗi kaɗan, kuma farashin yara yana hawa ne da shekaru, don haka ka duba shekarar da yaron zai kai a ranar bikin. Yawancinsu suna yarda a biya kaɗan-kaɗan a cikin watanni. Idan tikiti ya ƙare, ka jira hanyar sake sayarwa da bikin da kansa ya amince da ita, kada ka tura wa wani kuɗi saboda ya sa hoton tikiti a Facebook. Masu jirgin ƙasa su yanki katin rangwame na Family & Friends, yana rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin manya da kashi 60 cikin ɗari na yara. Da kun shiga fili, a ƙofa ana ba yara abin ɗaurawa a hannu, ka rubuta lambar wayarka a kai da biron da ruwa ba ya wankewa, ka kuma nuna musu rumfar da ake kai yaran da suka ɓace tun kafin ku kafa tanti.