Jinkirta ACK ko amsawa nan take: wanne ya fi sauri?

Ɗan'uwa, ka ce manhajarka tana tura ƙananan buƙatu zuwa sabar Linux, kowace sai ta yi tsaye kusan milisakan 40 kafin amsa ta dawo, kuma wani ya ba ka shawarar ka kashe jinkirin ACK komai zai yi gudu. Kafin ka taɓa saiti, ga yadda su biyun suke.

ACK shi ne ɗan saƙon da mai karɓa ke mayarwa a TCP (ƙa'idar da kwamfutoci ke musayar bayanai da ita a intanet), wato "na karɓa, ci gaba". A tsarin amsawa nan take, kowane fakiti (ƙunshin bayanai) da amsarsa. A tsarin jinkiri kuwa, takardar ƙa'idar intanet RFC 1122 ta 1989 ta yarda mai karɓa ya ɗan riƙe amsar, amma kada ya kai rabin daƙiƙa, kuma ana so ya amsa duk bayan cikakkun fakiti biyu. Linux tana farawa daga milisakan 40, Windows ta daɗe a kan 200.

In babban fayil kake saukewa, jinkirin ya fi. Fakiti na biyu yana isowa tun agogo bai cika ba, saboda haka jiran ma ba ya faruwa, ACK ɗin ne kawai ke raguwa da rabi. Yi lissafi: layi mai megabit 100 da fakiti mai bayit 1500 yana kawo fakiti kusan 8,300 a daƙiƙa. In kowanne sai an amsa shi da bayit 40, hanyar komawa ta cinye kusan megabit 2.7, in biyu-biyu ne, wajen 1.3. Mai layin da saurin turawarsa ƙarami ne, ko mai Wi-Fi inda kowace amsa sai ta yi kokawar samun fili a iska, ya san bambancin.

Amma matsalarka ba a nan take ba. A wajen mai turawa akwai dokar Nagle, wadda John Nagle ya rubuta a RFC 896 a 1984: muddin akwai abin da ka tura ba a amsa ba, riƙe ƙaramin fakiti har amsa ta zo. Kowace dokar tana da hujjarta, haɗuwarsu ce matsala. Buɗe Wireshark, manhajar kallon fakiti, ka gani da idonka. Manhajarka ta rubuta kan buƙatar, wato bayanin farko (header), ya tafi. Ta rubuta jikin buƙatar, Nagle ya riƙe shi yana jiran ACK. Sabar kuma ta riƙe ACK tana jiran fakiti na biyu ko amsar da za ta ɗora shi a kai, alhali ba za ta iya amsawa ba sai jikin ya iso. An yi cirko-cirko, sai agogo ya raba su. Milisakan 40 a kowace buƙata na nufin buƙata 25 kacal a daƙiƙa a haɗi guda, ko da layin naka gigabit ne. Da 200 ne, biyar.

Amsawa nan take tana warware wannan, gaskiya ne. Sai dai TCP_QUICKACK, saitin da ke kunna ta a Linux, ba ya zama daram. Tsarin yakan koma jinkiri da kansa, sai ka riƙa sake kunna shi bayan kowane karatu. Ni ban cika son gyaran da sai an tsaya a kansa ba.

Ni a wurinka, daga mai turawa zan fara. Haɗa kai da jiki ka rubuta su lokaci guda. In hakan ba zai yiwu ba, kunna TCP_NODELAY, saitin da ke kashe dokar Nagle, a soket ɗin (mashigar haɗin a manhajarka), ka bar jinkirin ACK yadda yake. Sai in manhajar mai turawa ba a hannunka take ba ne za ka koma kan sabar ka sa quickack 1 a hanyar da ta shafa kaɗai da umarnin ip route. Ka sake ɗaukar Wireshark bayan gyaran, ka duba ko gibin nan na 40 ya ɓace.