Mitar pH mai kama da biro: wata biyar a hannuna

Shekara 11 ke nan ina koyar da kimistiri a wata sakandare a nan cikin Katsina, kuma duk sa'ad da muka zo kan daidaiton asid da bes, a allo muke ƙarewa. In rubuta lissafi, yara su kwafa, a buga ƙararrawa. Bana dai na daure na sayi 'yar mitar nan ta pH, wato ma'aunin tsami (7 ne tsaka-tsaki, ƙasa da shi asid, sama da shi bes), mai ruwan ɗorawa, wadda ake soke wa a aljihu, a wani shagon kayan ɗakin gwaji wajen Ƙofar Ƙaura.

Mai shagon ya ce mini a saite take zuwa. Ba haka ba ne. A kwalin akwai ƙullin hoda uku masu ba da pH 4.00 da 6.86 da 9.18, kowanne a narkar da shi cikin tataccen ruwa mililita 250, da su ake saita ta. Kafin in yi hakan, karatunta ya kauce da kusan rabin lamba.

Ranar da ta biya ni kuɗina, kofi biyu na ajiye wa 'yan aji biyu na babbar sakandare: asid ɗin haidurokulorik (HCl) a ɗaya, asid ɗin itanoyik, wato na binega, a ɗayan, kowanne mola 0.1, wato yawan asid ɗin cikin ruwan ɗaya ne. Takardar litimos ta yi ja a duka biyun, ba ta bambance komai ba. Na tsoma mita, na farko ya ba da 1.1, na biyu 2.9. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, ai yawansu ɗaya, me ya raba su?" Tambayar da na shekara ina jira ke nan! HCl kusan duka yake rabuwa a ruwa, shi kuwa itanoyik ɗan abin da ya haura kashi 1 cikin 100 ne kawai ke sakin H⁺, ƙwayar da ke kawo tsamin, kuma rabuwar da haɗuwar tare suke tafiya. Sannan na ɗiga asid cikin ruwa zalla, lamba ta rikito zuwa wajen 3. Na ɗiga daidai wannan cikin ruwan hodar 6.86, da ƙyar ta motsa, don irin wannan ruwan riƙe pH ɗinsa yake yi, kamar jini. Daga nan bayanin yadda jini ke tsayawa tsakanin 7.35 da 7.45 bai ɗauke ni minti biyar ba.

Mun gwada ruwan tsamiya da na kanwa ma. Yaran suka yi ta dariya da suka gane iyayenmu mata da ke jefa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami sun riga ɗan Denmak ɗin nan Sørensen, wanda ya fito da ma'aunin pH a 1909, sanin aikin.

Aibinta shagwaɓa. Ɗan ƙwan gilashin da ke bakinta ba ya son bushewa, ni kuma na bar ta a durowa lokacin hutu, hunturu ya yi mata aiki. Da muka dawo sai lambobi su yi ta rawa. Sai da ta kwana a jiƙe cikin ruwan 4.00 ta dawo hayyacinta, kuma har yau tana ɗan jinkiri kafin ta tsaya.

Ɗalibin da ke shirin gwajin WAEC ba ya buƙatarta, can launi ake kallo. In launi kake so, jiƙa zoɓo: ja a ruwan lemun tsami, kore a ruwan kanwa. Amma malami ya saya, ya kuma roƙi ƙarin ƙullin hodar nan tun a shago, don ni na koma sau biyu ana ce mini ta ƙare.