Mako guda a Benidom da Jet2holidays: hutun da aka ɗinka daidai jikin Baturen Ingila

Duk wanda ke zaune a Ingila ya san da zarar Janairu ya kama, ana cikin sanyi da duhu da yayyafi, tallar hutu a ƙasashen rana ce ke cika talabijin. Kamfanin shirya hutu na Jet2holidays na gaba-gaba a wannan kasuwa, domin tun 2023 ya sha gaban abokin hamayyarsa TUI a yawan fasinjojin da hukuma ta ba shi lasisin ɗauka. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikin hajojinsa masu farin jini ne: kwana bakwai a Benidom, a gaɓar tekun kudu maso gabashin Sifaniya.

Kuɗin da aka rubuta ya haɗa da jirgi zuwa da dawowa, jakar kaya ta kilo 22, jakar hannu ta kilo 10, bas daga filin jirgin Alikante zuwa otal, da ɗakin kwana. Ana ba da kafin alƙalami na fam 60 a kan kowane mutum, a cika sauran mako 10 kafin tafiya. Zaɓen kujera a jirgi, abincin cikin jirgi da inshora duk daban ake biya. Kilo 22 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. Jiragen araha kan nuna maka farashi mai sauƙi, sai ka ƙara jaka da motar otal ka ga kuɗin ya tashi. Idan za ka kwatanta, ka haɗa komai tukuna.

Daga Mancesta tafiyar ba ta kai awa uku ba. Tsakanin filin jirgi da Benidom kilomita 60 ne ko ƙasa kaɗan, amma kada a yi lissafi da hakan. Bas ɗin yana jiran fasinjoji su cika, sannan ya bi otal-otal yana saukewa, wanda otal ɗinsa ke ƙarshe zai iya shafe awa biyu. Mai ƙananan yara ya zaɓi jirgin safe, ya kuma sani cewa yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu ko uku na rana.

Babban abin da ya sa wannan tsari ya fi ka haɗa tafiyarka da kanka shi ne kariyar ATOL, wadda hukumar sufurin jiragen saman Birtaniya ke kula da ita. Idan kamfani ya durƙushe, za a mayar maka da kuɗinka ko a dawo da kai gida. An ga amfaninta a Satumbar 2019 da kamfanin shirya hutu na Thomas Cook ya rushe, aka kwaso mutum kusan 150,000 da suka maƙale a ƙasashen waje. Takardar shaidar tana zuwa bayan ka biya. Ka adana ta a waya, ka kuma buga kwafi.

To, wa aka yi wa wannan hutu? A nan maganar take. Turawan Birtaniya fiye da miliyan 17 ne suka je Sifaniya a 2023, kuma da yawa daga cikin masu sayen irin wannan tsari ba Sifaniya suke nema ba. Rana suke nema, sauran komai kuma su same shi yadda suka baro shi a gida. Unguwar Rincón de Loix da ke bayan bakin tekun Levante a kan haka aka gina ta. Da safe akwai karin kumallo irin na Ingila, ƙwai da wake da naman alade. Ranar Lahadi gasasshen nama da dankali. Kowace mashaya da talabijin ɗinta ana nuna gasar Firimiya, da dare kuma bingo, kacici-kacici, da mawaƙa masu kwaikwayon fitattun mawaƙa. Ma'aikata suna jin Turanci, takardar abinci da Turanci, mutum zai yi mako bai buƙaci kalma ɗaya ta yaren ƙasar ba. Hatta lokacin cin abinci an karkata shi: mutanen Sifaniya sai tara ko goma na dare suke cin na dare, amma ɗakin abincin irin waɗannan otal tun kafin magariba ta yi nisa ya cika.

Halayensu biyu suna shafar jin daɗinka kai tsaye. Na farko layi. Baturen Ingila ba ya wasa da shi, ko a wurin ɗibar abinci ko a wurin hawa bas, kuma wanda ya tsallake zai sha harara da tsaki ko da ba a ce masa komai ba. Na biyu gadajen shan rana na gefen wurin ninƙaya. Ba su taɓa isar baƙi, don haka tun da sassafe ake fitowa a shimfiɗa tawul a kama wuri. Wasu otal suna kwashe tawul ɗin da aka bari ba kowa, wasu ba ruwansu. Wanda ya tashi sallar asuba ya riga kowa, idan yana da bukata.

Sai shayi. Otal da yawa a Sifaniya ba sa ajiye butar dafa ruwa a ɗaki, shi ya sa za ka ga Bature da 'yar butarsa ta tafiya da ganyen shayinsa a jaka. Mai son shayin safe ya yi koyi da shi, ya haɗa da soket mai baki biyu, don na Ingila mai baki uku ba ya shiga bangonsu. Butar alwala ma a taho da ita.

Inda wannan haja take da rauni ga iyalin Musulmi shi ne abinci da giya. Tsarin da ake kira all inclusive, wato ci da sha duk a cikin kuɗin, an auna farashinsa ne da mai shan giya tun hantsi har dare. Wanda ba ya sha yana biyan abin da ba zai taɓa ba. Yawan shan ya taɓa kai wa hukumomin tsibiran Baliyarik iya wuya, har a 2020 suka ƙayyade kofi shida a rana a wurare irin su Magaluf. Dokar ba ta shafi Benidom ba. A wurin ɗibar abinci kuwa alade yana ko'ina, har inda ba a zato: a miyar wake, a cikin soyayyen ƙulli mai kama da ƙosai, da kitsensa a wasu kayan fulawa. Kalmomi huɗu za a haddace: cerdo alade ne, jamón da chorizo nau'o'in namansa ne, manteca kuma kitse. Kaza da naman sa ba yankan Musulmi ba ne sai an faɗa ƙarara. Kifi, ƙwai, shinkafa, salak da 'ya'yan itace suna wadace, kuma kifin yankin yana da kyau ƙwarai. Shawara ita ce a ɗauki ɗaki mai kicin, ko kwana da karin kumallo kawai, a riƙa cin sauran a waje. Son da Turawan Ingila ke yi wa miyar kori ya sa gidajen abincin Indiya da Pakistan sun yawaita a garin. A tambaya kafin a zauna.

Kada a ce za a yi guzurin kilishi ko dambun nama. Tun Janairun 2021 an hana shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga Birtaniya. Madarar jarirai ce aka ɗaga wa ƙafa, har kilo 2.

Zaɓen unguwa ya fi zaɓen taurarin otal muhimmanci. Otal mai tauraro huɗu kusa da titin Gerona zai hana yara barci da kiɗa da ihun masu maye har tsakar dare ta wuce. Ɓangaren Poniente ya fi natsuwa, iyalan Sifaniya sun fi yawa a can, bakin tekun kuma ya fi tsawo. Tsohon gari yana tsakanin Levante da Poniente, ana iya takawa. Ko'ina ka zaɓa dai, shigar bakin teku shigar Turai ce. Tun shekarun 1950 magajin garin Pedro Zaragoza ya halatta kayan wanka masu bayyana jiki don jawo baƙi, kuma a kan wannan garin ya ginu. Mai iyali ya san da haka kafin ya biya.

Takardu su ne suka fi mayar da mutane gida daga filin jirgi. Mai fasfon Birtaniya ba ya bukatar biza, amma dole fasfon ya kasance bai cika shekara 10 da bayarwa ba ranar shiga, kuma da sauran wata uku a kansa bayan ranar dawowa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar kuwa, ko yana da izinin zaman dindindin a Ingila, sai ya nemi bizar Shengen, wadda ake shiga Sifaniya da yawancin ƙasashen Turai da ita: yuro 90 ga babba, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Samun ranar ganawa yana wuya a lokacin bazara, kuma rashin biza ba ya sa kamfani ya mayar da kuɗi. A fara neman ranar kafin lokacin cikon kuɗi ya zo. Katin GHIC, na neman magani a ƙasashen Turai, kyauta ne daga hukumar lafiya ta NHS, yana aiki a asibitin gwamnati kawai, ba ya biyan kuɗin dawo da marar lafiya gida.

Farashi yana tashi sosai daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin hutun makarantu. Wasu iyaye kan cire yara daga aji don su samu araha, amma a Ingila tarar fam 80 ce a kan kowane yaro ga kowane ɗaya daga cikin iyaye, ta koma 160 idan kwana 21 ya wuce ba a biya ba. Hutun mako guda na ƙarshen Mayu ko na Oktoba ya fi sauƙin kuɗi da cunkoso.

A ɓangaren jirgi, kaya, bas da kariyar kuɗi, hajar ta cancanci abin da ake biya. Ga mai fasfon Birtaniya da ke son rana kusa, ɗaki mai kicin a Poniente a watan Oktoba zaɓi ne mai kyau. Iyalin da abincin halal da natsuwa suka fi damunsu su duba Antaliya a Turkiyya ko Agadir a Maroko, kamfanin yana zuwa duka biyun da kilo 22 ɗin da kariyar ATOL ɗin.