Rautar "4G mai gudu" da na saya a Katsina: da asuba kaɗai take aiki

Aikina haɗa bidiyon biki ne, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura, kuma rabin wahalata tura aiki ce ga masu shi. Shi ya sa na sayi rautar nan, wato na'urar raba intanet, da ake ta talla, wai data ba iyaka. Farko dai ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Bayan sallar asuba in na gwada ta a Speedtest, manhajar auna gudun intanet, takan haura Mbps 20 (ma'aunin gudun ke nan), bidiyo ya tafi kafin in gama shayi. Har abokan sana'a biyu na tura wajen mai sayarwar.

Bikin wata 'yar Daura ne ya tona mata asiri. Yayan amarya yana Jidda, shi ya biya kuɗin aikin, ya ce a tura masa a daren. Na ɗora bayan isha'i. Layin nan mai nuna inda turawa ta kai ya yi ta rarrafe, ya tsaya, ya ɗan motsa. Na fitar da rautar tsakar gida, na ɗaure ta a igiyar shanya, na dawo da ita kan taga. Wajen ƙarfe ɗaya, saura ƙiris, ta yanke, aka koma farko. Alhajin ya kira: "Malam, lafiya kuwa?" Na ce sabis ne, ranka ya daɗe. Sai ya turo min hoton gwajin wayarsa, ɗaruruwan Mbps, yana zaune a falo. Ni a lokacin ko 2 ban kai ba. Bai faɗi wata baƙar magana ba, amma wallahi na ji kunya.

Na san ba a haɗa mu da Saudiyya ko Daular Larabawa ko Singafo, masu wayar intanet ta fayiba har cikin ɗaki. Mu manyan wayoyin teku irin su MainOne na 2010 da Equiano na 2022 a Legas suke sauka, fiye da kilomita 1,000 daga nan, sai abin da ya iso. Amma ai ba Dubai na roƙa ba. Tsarin gwamnatin tarayya kan intanet na 2020 zuwa 2025 da kansa ya ce Mbps 25 a birane, 10 a karkara. Katsina birni ce ko ƙauye? Ko ta ƙauyen ma ba na samu da dare. Kuma a Janairun 2025 aka amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data, mun biya ba gardama.

Da na koma shagon da na saye ta ne yaron shagon ya gaya min wai in ka ci wani adadi sai su rage maka gudu. To ina "ba iyaka" ɗin? Wannan bai fito daga bakinsa ba ranar da yake ƙirga kuɗina. Ya ce in sayi Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, tunda ta shigo Najeriya tun 2023, kamar kuɗin a bakin titi ake tsinta.

Batirinta dai yana riƙe caji in an ɗauke wuta, wannan na yaba. Taurari biyu na ba ta. Mai son saye ya sa a gwada masa ita a unguwarsu tsakanin magariba da sha ɗaya na dare, kafin ya miƙa ko sisi.